Yarinyar da ta iya canji a kasuwa, me ya sa lissafin lakwal ke kada ta?



Ranar Laraba da yamma, in kun shiga kasuwar Ƙonni, ku ɗan tsaya ku kalli yara masu talla. Yarinya ƴar shekara tara, ka miƙa mata jika guda ka ce ta ba ka ƙosai na dala talatin, kafin ka ƙifta ido ta ce canjinka dala ɗari da saba'in. In naira ka ba ta, ta san yadda canji ya kwana. Wannan yarinyar ce gobe za ta zauna a aji, mushe ya rubuta 1000 a cire 150 a babban allo, ta yi zuru kamar an ɗauke ruwa. Alhali lissafin da ta yi jiya ne, ba ƙari ba ragi. Kai na nan, basira na nan. Hanyar da muke kai mata karatun ce ke da gyara.

Ra'ayina shi ne a shigar da wasa cikin aji, musamman daga CI zuwa CE2, kuma a fara da wasannin da yaranmu suka riga suka iya.

Na san abin da wasu za su ce, don na ji da kunnena. A wani gari tsakanin Malbaza da Dogarawa, wani malami ya fito da ƴan ajinsa ƙarƙashin bedi, ya zana gidaje a ƙasa, ya rubuta harafi cikin kowane gida, yara na tsalle da ƙafa ɗaya suna faɗin harafin da suka dira a kai. Wani dattijo da ke wucewa ya girgiza kai ya ce: "Wanga mushe wasa ɗai yake da ɗiyanmu, albashin banza." Ban ga laifin dattijon ba. Mu duka an raine mu a kan cewa karatu sai da bulala, ajin kirki kuma shi ne wanda ko tari ba a ji.

To amma mu dubi inda shirun ya kai mu. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashen Afirka goma masu amfani da Faransanci, ƴan CM2 na Nijar da suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A lissafi ma haka. A gwajin 2019 an samu ci gaba, amma har a lokacin mafi yawa ba su kai ba. Ke nan yaro ya share shekara shida yana maimaita abin da mushe ya faɗa, ya fito bai iya karanta takardar asibitin Galmi da aka ba mahaifiyarsa ba. Uban da ya ga haka, gobe in ya cire ƙanen ya tura shi garkar albasa, da wane baki za mu hana shi?

Me wasa ke yi wanda haddar baki ba ta yi? Na farko, yana sa maimaici ba tare da gundura ba. Yaro zai tsallaka gidajen haruffan nan sau ashirin yana roƙon a ƙara, alhali sau uku a allo ya fara hamma. Na biyu, nan take yake gane kuskurensa, don abokan wasa ba sa jira sai ƙarshen wata su gaya masa ya faɗi. Na uku, faɗuwa a wasa ba abin kunya ba ne, tashi ake a sake. A ajin zana da ya cika maƙil, inda mushe ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, raba yara rukuni-rukuni da wasa kan sa har na layin baya ya buɗe baki.

Kayan aikin kuwa suna ƙofar gidanmu. Ku ɗauki dara, wadda dattawa ke bugawa a gindin itace. Gurabe layi biyar sau shida, talatin ke nan. Kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, jimla ashirin da huɗu, saura gurabe shida babu kowa. Ga sau, ga tarawa, ga ɗebewa, tun ba a fara ci ba. Ƴar carafke da ƴan mata ke yi, a kwashi tsakuwa ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, ita ce tushen jadawalin sau. Langa za a iya sa kalma a wurin sha, wanda ya isa sai ya karanta ta kafin a ba rukuninsa maki. Kacici-kacici na koya wa yaro sauraro da tunani kafin amsa. Sai wasan kasuwa: a yanka kwali a yi kuɗi, wannan mai albasa, wancan mai saye, a yi ciniki da Hausa cikin dala, sannan a rubuta shi a allo cikin faran. A nan ne yarinyar ƙosai za ta gane cewa dala talatin ɗinta ita ce 150 ɗin mushe.

Wannan ya dace da inda ƙasa ta dosa. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wasa gada ce da yaro zai taka daga harshen gida zuwa na littafi. A Indiya ma, ƙungiyar Pratham ta yi suna da raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, tana koya masu haruffa da lambobi da ƴan wasanni da tsinke da kati, kuma ƙasashen Afirka da dama sun ɗauki tsarin.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowane wasa ne karatu ba. Malamin da ya saki yara a fili ya koma inuwa yana latsa waya, wannan dattijon can ya fi shi gaskiya. Kafin a fara, malami ya san abin da yake so yaro ya iya, in an gama kuma a koma allo a rubuta shi. Minti goma sha biyar sun isa. A kuma kula da gasa: in kullum gwanaye uku ne ke cinyewa ana tafa masu, mai rauni zai ƙara noƙewa. A gauraya rukuni, maki ya zama na rukuni, don gwani ya ja na baya. Masu cewa sai an kawo kwamfuta da wasannin waya kuwa, madalla in sun zo, amma garin da ake kai waya caji kasuwa ba zai zauna jiran su ba.

Abin da ya rage namu ne, iyaye. A jiharmu ta Tawa ne aka fara shirin nan na "makaranta don kowa" a 2004 tare da tallafin ƙasar Japan, wanda ya ƙarfafa kwamitocin COGES har suka bazu ko'ina cikin ƙasa. Mun riga kowa sanin cewa makaranta ta gari ce. To a taron kwamiti na gaba, daga Tsarnawa har Badagishiri, a tayar da maganar. Dattijon da ya gwanance a dara ya ba da awa guda a mako. Iyaye mata su tara marufan kwalba da kwalaye. Masu duba makarantu su daina ɗaukar ajin da ke da motsi a matsayin ajin da ya lalace.

Kai kuma baba, in ka wuce lakwal ka ji dariya, kada ka yi saurin yanke hukunci. Bari yaron ya dawo gida, ka miƙa masa kwalin shayi ka ce ya karanta maka abin da ke jiki. Amsarsa ce za ta gaya maka ko mushe na aiki.

Allah shi yi wa zuri'armu albarka, shi ba su ilimi mai amfani.