Baƙo raɓa ne: darasin sansanin Kenitra ga malamai da iyaye

A makon jiya na tambayi ɗalibaina na makarantar horar da malamai shekarar da sojojin Amurka suka bar Agadas. Mutum uku kaɗai suka ce 2024. Waɗannan su ne gobe za mu damƙa wa alli da ƴaƴanmu. Shi ya sa nake ganin ya kamata tarihin sansanonin sojan waje ya shiga aji, kuma akwai misali a Maroko da ya isa a fara da shi.

Garin Kenitra yana bakin kogin Sebu, arewa da Rabat. A zamanin mulkin mallaka Faransawa sun laƙaba masa sunan Port-Lyautey, suka gina filin jirgin sama a can. Ran 8 ga Nuwamba 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka suka sauka a gaɓar Mehdiya, suka gwabza da sojojin Faransa na gwamnatin Vichy. Ran 10 ga watan filin ya faɗa hannunsu, ya zama sansanin jiragen sama na sojojin ruwan Amurka. Daga nan jirage ke tashi farautar jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa. A 1944 har manyan balan-balan masu inji aka kawo domin gadin mashigin Jibralta.

Yaƙi ya ƙare a 1945, amma baƙo bai naɗe tabarmarsa ba, don an samu sabon dalili: zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet. Maroko ta samu ƴanci a 1956. A 1959 shugaba Eisenhower da sarki Muhammadu na Biyar suka daidaita kan janyewa, aka rufe sansanonin sojan sama a 1963. Duk da haka sojojin ruwa ba su saki Kenitra ba sai 1977, shekara 35 bayan zuwansu.

Abin da aka gada ma darasi ne. Sansanin Nuwasar ya koma babban filin jirgin saman Kasablanka, inda fasinjoji ke sauka yau. Daga Kenitra kuwa jiragen yaƙin Maroko suka tashi a watan Agusta 1972 suka buɗe wa jirgin sarki Hasan na Biyu wuta, ya tsallake rijiya da baya. Ashe amfanin fili yana ga wanda ya gaje shi.

Na san wani abokin aiki zai ce wannan siyasa ce, kuma manhaja ta riga ta cika. Amsata ita ce yaro yana jin zancen a fada da WhatsApp, ba shekara ba hujja. In mushe ya yi shiru, mai jita-jita ne zai koyar da shi. Ba a ce malami ya yabi wani ko ya zagi wani ba. Tambayoyi huɗu sun isa: wa ya zo, da wace yarjejeniya, me ƴan gari suka samu ko suka rasa, me aka bari?

Faransawa sun tafi a Disamba 2023, Amurkawa suka bi baya a 2024. Direbobi, magina da masu dafa abinci da suka yi aiki a sansanonin Yamai da Agadas suna nan da ransu. A tura ɗalibai da littafi da biro su rubuta abin da suka gani, kafin mantuwa ta cinye. Iyaye, in yaro ya zo da tambaya, kada a kore shi da "ba ruwanka". Sa'a guda a aji da hira guda a tsakar gida ba su fi ƙarfinmu ba.

Allah ya sa mu dace.