Cikin Yaro Da Zuciyar Matashi: Amana Biyu A Wuyan Unguwa



Ya ku 'yan'uwa matasa, akwai abubuwa biyu da muka saba barin su a hannun gwamnati da ƙungiyoyin agaji, alhali mu ne za a fara tambaya a kansu: abin da ke shiga cikin yaro, da abin da ke shiga zuciyar saurayi da budurwa.

Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Masana sun tabbatar cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne lokacin ginuwar jiki da ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a cikinsu yana da wuyar mayarwa. Wannan ya dace da aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta yi maganar shayarwa ta shekara biyu, ta kuma ɗora wa uba ciyar da uwa da tufatar da ita.

Babu shakka talauci ne babban sanadi, amma rashin sani yana da nasa kaso. Har yanzu akwai gidajen da ake zubar da dakashi, wato nonon farko, wai ƙazanta ne, alhali shi ne kariyar farko ga jariri. Akwai masu ɗura wa jinjiri ruwa tun kafin wata shida. Akwai manomin da zai sayar da wakensa da gyaɗarsa kaf, ya bar yaro da koko tsura.

Abincin nan na leda da ake kira Plumpy'Nut ya ceci yara masu tamowa da yawa a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, sai dai magani ne bayan cuta ta kama. Rigakafin yana cikin rumbunmu. A Borno da Yobe mata sukan taru su soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a niƙa, a dama wa yara kunun da ake kira Tom Brown. Me zai hana kowace Islamiyya ta matan aure ta ware darasi ɗaya a wata domin koyar da wannan, tare da amfanin zogale da ƙwai da awara?

Wani zai ce, ina ruwan wannan da zancen samari da 'yan mata? Ai budurwar da ke tsaye a ƙofar gida yau ita ce uwar gobe. Idan ta shiga ɗaki da ƙarancin jini, ga miji wanda ya iya kalaman waya amma bai san haƙƙin ciyarwa ba, jaririnsu ne zai biya bashin. Dokar da jihar Kano ta kafa a 2024, wadda ta wajabta gwajin jini kafin aure, mataki ne mai kyau, amma gwaji ba ya auna hali. Wajibi ne a koya wa saurayi cewa tsoratarwa da tilastawa da neman hoton tsiraici ba so ba ne, a koya wa budurwa cewa shari'a ta ba ta damar cewa a'a, kuma yardarta abin nema ce a aure. Idan malamai da iyaye suka yi shiru saboda kunya, TikTok ba zai yi shiru ba.

Don haka ina kira ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa su gayyato ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, su zaunar da ita tare da malama, a buɗe zaure inda matashi zai yi tambaya ba tare da an tozarta shi ba. Kuɗin tayil ɗin bangon masallaci ɗaya zai sayi buhunan waken suya masu yawa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amana. Amin.