ZAUREN 'YAN MATA: Tsakanin "Noise" Da Murya

Yau kalmar Turanci ɗaya tak za mu tattauna a kai, wato "noise".

Duk wadda ta zauna a aji ta san ta. Malam na fita, sai monita ta ɗauki biro ta fara rubuta sunayen "noise makers", wadda sunanta ya shiga takardar nan kuwa sai bulala ko sharar fili. Shi ya sa da yawa suka ɗauka surutu kaɗai take nufi. A'a, ta fi haka faɗi.

"Noise" ita ce duk ƙarar da kunne ba ya so. A nan unguwarmu Gidan Igwai, rurin janareta idan an ɗauke wuta, da kukan injin markaɗe, da hon ɗin 'yan kabu-kabu, duk sunansu ke nan. Har shuuu ɗin da rediyo ke yi idan kina laluben Rima Radio ba ki dace da tasha ba. Masana sun ce Turanci ya aro kalmar ne daga tsohon Faransanci, inda take nufin rigima da hayaniya. Kuma ba abin wasa ba ce, don likitoci sun tabbatar ƙara mai ƙarfi tana rage ji idan aka daɗe cikinta. Saboda haka a biki kada ki zauna gindin lasifika, balle ki kai jariri.

To ga inda ake faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO. Kalmomi uku ne: "sound" duk abin da kunne ya ji, "voice" muryar mutum, "noise" kuma ƙara mai damu. Wuri mai hayaniya "noisy" ne. Ki kuma kula da harafin "i", don in ya faɗi kin rubuta "nose", wato hanci! Saurayin da ya rubuto miki "I love your noise" kuwa, wallahi bai yabe ki ba, "voice" ya so cewa. A Turancin Nijeriya, in aka ce wane "is just making noise", cika baki yake yi. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasunmu, don tsoron a kira su masu surutu, suka kulle bakinsu gaba ɗaya. Yarinya ba ta gane darasi ba, amma ta kasa ɗaga hannu. Ana maganar aurenta a gida, tana da abin faɗa, ta haɗiye ta koma ɗaki tana kuka. 'Yar'uwa, tambaya cikin ladabi ba hayaniya ba ce, murya ce, kuma Musulunci ya ce a nemi yardar budurwa kafin a aurar da ita. Ki rage gulma a aji, amma ki faɗa wa Inna ko gwaggo abin da ke ranki, kin ji ko?

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.