Iyo a ruwan ƙanƙara: Magidanta, a yi hattara da kwaikwayo

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani abokina, magidanci da ya haura shekara 50 kuma yake shan maganin hawan jini, ya shaida mini cewa zai fara zuba ƙanƙara a cikin randa yana shiga kowace safiya, domin ya ga Turawa sa'anninsa na yin haka a intanet.

Gaskiya ne, a ƙasashe irin su Finlan da Rasha iyo a lokacin hunturu tsohuwar al'ada ce, inda ake fasa ƙanƙarar da ta rufe tafki a shiga. Har ma akwai ƙungiyar duniya ta masu iyo a ƙanƙara da Ram Barkai na Afirka ta Kudu ya kafa a 2009, wadda ke shirya gasa a ruwan da bai kai digiri 5 ba. Sai dai abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne watannin da mutanen nan ke kwashewa suna horar da jiki, tun daga kaka, ruwa na ƙara sanyi sannu a hankali suna binsa.

Dalili kuwa shi ne, da zarar mutum ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi, numfashinsa na sarƙewa, jijiyoyin jini na fata su tsuke, bugun zuciya da hawan jini su tashi a lokaci guda. Minti na farko shi ne mafi hatsari. Binciken Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya nuna cewa gajeren shiga sau biyar ko shida na rage wannan firgita ta jiki da kusan rabi. To amma sabon da jiki ya yi bai gyara zuciyar da ta riga ta samu matsala ba, kuma a shekarun abokina ne irin wannan matsala ke ɓuya ba a sani ba.

A ganina, abin koyi a wurin mutanen nan shi ne haƙuri da tsari. Duk magidancin da ke sha'awa, ya fara zuwa likita a auna masa jini da zuciya, ya soma da ruwan famfo na ɗan lokaci, kada kuma ya shiga ruwa shi kaɗai. Mai hawan jini kuwa ya haƙura sai likita ya amince. Iyalinsa sun fi buƙatarsa da rai fiye da hotonsa a cikin randa.