Mai Koyar Da Zane Ya Zama Mai Yin Zane

A cikin labaran da mutanen da suka bar mana akwai na wani maƙeri mai suna Kano, wanda aka ce daga Gaya ya taso yana neman tama, har ya same ta a gindin Dala, ya zauna. An ce sunansa birnin ya ci, kuma har yau akwai Abagayawa masu jingina asalinsu gare shi. Labari ne na baka, amma ya nuna matsayin da kakanninmu suka ba mai sana'a, watau mutum ne wanda a kan kafa gari saboda aikin hannunsa. To, in haka ne, mutanen Gaya da Ajingi su ya kamata su fara damuwa idan darasin zane da aikin hannu ya zama abin wasa a makarantunsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana da ku malaman makaranta, da ku akawunan ƙananan hukumomi, domin a hannunku gyaran ya ke.

Duk wanda aiki ya sa shi zaga makarantu ya san yadda a ke yi da darasin nan. Yana cikin manhaja, an kuma rubuta shi a jadawali, amma yawanci sai a ƙarshen yini, sa'ad da yara suka gaji, yunwa ta kama su. Malamin da ya rasa abin yi a wannan lokaci shi a kan tura. Ya ɗauki alli ya zana kofi ko mangwaro a allo, ya ce, "Ku kwafa," ya koma bakin taga ya zauna. Mun taɓa shiga wani aji a wata makarantar ƙauye, muka iske an rubuta ma'anar rini a allo, da sunayen kayan da a ke yinsa da su, yara suna ta haddacewa da ƙarfi. Da muka bincika, ashe kakan ɗaya daga cikin yaran marini ne, yana nan cikin gari da ransa da lafiyarsa, ba wanda ya taɓa tunanin a kira shi.

Ba mu ga laifin malamin nan ba. Abin da bai taɓa yi da hannunsa ba aka ce ya koyar, ya kuwa yi iyakar ƙoƙarinsa. Laifin yana ga tsarin da ya ɗauka cewa wanda ya iya koyar da lissafi zai iya koyar da zane. Ra'ayinmu shi ne, kada a ba kowa darasin zane da aikin hannu sai wanda shi kansa mai yin aikin ne, wanda kuma bai aje shi ba. Don kada a ce son zuciya ne, bari mu duba tarihin waɗanda suka koyar da wannan fanni a ƙasar nan har aka ga amfaninsu, mu ga daga ina suka fito, da yadda suka yi zamansu.

Mu fara da nan Kano. A 1909 Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. A cikinta akwai sashen sana'a, inda a ke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa da saƙa, kuma gwanayen gari aka ɗauko su koyar, kowa da kayan aikinsa. Ashe tun ran da boko ya shigo lardin nan, tare da baduku da maƙeri ya shigo. Daga baya ne muka sallame su, muka bar alli da allo kaɗai.

Sai Zariya. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman sashen Turawa ne, ban da wata mace, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. Ta fara da koyarwa a ƙananan makarantu, sa'an nan ta sami taimakon karatu ta tafi Landan, ta koyi zane a makarantar Chelsea, ta kuma haɗa da takardar shaidar malanta. Ta koyar a Zariya daga 1955 zuwa 1964, amma aji bai raba ta da burushi ba, don a cikin shekarun nan ne, a 1958, ta kai zane-zanenta Landan aka yi nuninsu. Ɗalibanta sun tashi suna ganin malamarsu tana yin abin da ta ke faɗa musu.

A cikin ɗaliban wannan sashe akwai Jimo Akolo, mutumin Egbe ta tsohon lardin Kabba. A Kwalejin Gwamnati ta Keffi wani jami'in ilmi, Dennis Duerden, ya lura da hannunsa, ya ƙarfafa masa gwiwa. Ya gama Zariya a 1961, ya ƙaro ilmi a Ingila da Amurka, ya dawo ya yi shekara talatin da wani abu a Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello yana horon malamai. Shi ne kuma ya yi zane a bangon majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Ya rasu a 2023. Ku duba fa, da a ce malamin Keffi irin mai "ku kwafa" ne, da yaron nan ya wuce ba wanda ya san abin da Allah ya ba shi.

Waɗansu abokan karatunsa sun kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Abin da suka tsaya a kai shi ne, a koyi dabarun Turawa, amma kowa ya koma ya tono fasahar garinsu ya haɗa. Uche Okeke, wanda ya girma a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, da shi ya gina koyarwarsa sa'ad da ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa. Bruce Onobrakpeya ya koyar a makarantar sakandare ta St. Gregory a Ikko daga 1963 zuwa 1980, kuma a cikin waɗannan shekaru na aji ya ƙware wajen buga zane a takarda har duniya ta san shi. A 1998 ya soma tara masu zane shekara-shekara a Agbarha-Otor, manya da ƙanana, masu digiri da marasa shi, suna koyo daga juna. Yusuf Grillo kuwa ya daɗe yana shugabancin sashen zane a Kwalejin Yaba, bai kuma daina nasa aikin ba.

Duk waɗannan ta ƙofar kwaleji suka shigo. Akwai wata ƙofa, wadda ta fi kusa da mutanen Ajingi. Ladi Kwali Bagwariya ce daga garin Kwali, ba ta yi makarantar boko ba. Wajen wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Sarkin Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda shi kansa Kwalejin Katsina ya yi, ya ga kyan tukwanenta ya tara su a gidansa. A can Michael Cardew, Baturen da gwamnati ta ɗauka don ya kyautata ginin tukwane, ya gan su. Da ya kafa wurin koyar da sana'ar a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari. Ta koyi juya yumɓu a kan keke, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a murhu mai zafin gaske, amma ba ta bar ginin hannu da zanen da ta gada ba. Ta koyar da na bayanta. A 1962 ta gina tukunya a gaban ɗalibai a Ingila, a 1972 kuma a Amurka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20, tana cikin aikinta.

Yanzu ku yi tunani. Da Ladi Kwali za ta zo yau neman koyarwa a makarantar firamare a Ajingi, da an tambaye ta takardar N.C.E., domin ita ce mafi ƙanƙantar shaidar malanta a ƙa'idar ƙasar nan, da kuma ta koma gida hannu rabbana. Matar da jami'a ta kira dakta, ofishinmu ba shi da layin da zai rubuta sunanta.

Me ya sa mu ke nacewa sai mai yin aikin? Domin akwai ilmin da ba ya zama a littafi. Mai ginin tukwane tana taɓa yumɓu ta san ko zai tsage a wuta. Mai zayyanar allo da Alƙur'ani ya san yadda a ke haɗa tawada da ƙaro, da yadda a ke raba fili da zare kafin alƙalami ya sauka. Mai zana aska takwas a gaban riga ya san inda zai fara don kada ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. Magini mai yin dagi a fuskar soro, da mai rubuta allon kanti, da mai zanen bayan babbar mota, duka lissafi su ke yi da ido. Irin wannan malami in yaro ya yi kuskure, nan take zai gane inda hannun ya kauce, don shi ma ya taɓa kaucewa a wurin. Har wa yau ya san kasuwa, ya san kuɗin kaya da ladan aiki, ya iya gaya wa yaro abin da zai ci da shi gobe. Yaran da za su tsaya a firamare ko ƙaramar sakandare ba kaɗan ba ne a karkara, wannan kuwa shi ne darasin da za su iya fita da shi a hannu.

Mun san abin da za a ce, kuma waɗansu maganganun suna da gaskiya. Za a ce iya aiki dabam, iya koyarwa dabam. Haka ne. Gwanin da ya saba da almajiri biyu a zaure, in aka sa shi gaban yara sittin sai ya ruɗe, wani ma ya kai hannu ga bulala. Maganin wannan shi ne a haɗa shi da malamin aji. Malami ya riƙe tsari da rajista da jarrabawa, gwani ya riƙe aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bayan shekara guda malamin ma ya koyi wani abu.

Za a ce malami mai sana'a zai bar aji ya tafi neman kuɗi. Wannan aikin hedimasta ne, ya ga kowa ya cika sa'o'insa. Amma malamin zane da ya tashi daga makaranta ya tafi shagonsa bai yi laifi ba, ilminsa ya ke wasawa. Mutanen da muka ambata a sama ba wanda aikin hannunsa ya rage masa koyarwa.

Za a kuma ce iyaye da yawa ba su son a koya wa 'ya'yansu zana surar abu mai rai. Ba ma raina wannan damuwa. Amma fasahar ƙasar Hausa, galibinta ba ruwanta da sura. Zayyana, da rubutun hannu irin na Sharu Bala Gabari na Kano, wanda aka buga Alƙur'anin da ya rubuta ya bazu ko'ina, da aikin hula, da adon ƙwarya, da ginin bakan gizo irin wanda Babban Gwani Mika'ilu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, duka sun isa cika shekarun firamare ba a taɓa abin da zai ɓata wa wani rai ba.

Ga abin da mu ke roƙo. Na fari, kowane hedimasta a ƙasar Ajingi da Gaya ya zauna da mai unguwa da sarakunan sana'a, su rubuta sunayen gwanayen garin, maza da mata, da abin da kowa ya iya, da wanda ya koya masa. Na biyu, sashen ilmi na ƙaramar hukuma ya zaɓi makarantu kaɗan a fara gwadawa, gwani ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Na uku, ku akawuna masu shirya kasafi, ku buɗe masa layi, a biya shi lada sananne a kan lokaci. Kada a kira dattijo ya bar sana'arsa yini guda a sallame shi da "an gode". Na huɗu, idan za a ɗauki malamin zane mai takarda, a ce ya zo da aikin da ya yi da hannunsa a cikin shekarar, a duba shi tare da takardar. Na biyar, kwalejojin horon malamai su daina yaye ɗalibin wannan fanni sai ya yi zango guda a wajen wani gwani, ya kawo abin da ya yi.

Abin da ya sa mu ke gaggawa shi ne, gwanayen nan tsufa su ke yi. Roba ta kori tulu da ƙwarya daga gidaje da yawa, bulo da kwano sun kori tubali da azara, 'ya'yan masu sana'a kuma sun tafi birni neman wani abin. Duk tsohon da aka binne ba tare da ya bar almajiri ba, an binne shi da abin da ba kwalejin da za ta iya dawo da shi. Sarkin Abuja bai jira umarni daga Kaduna ba kafin ya lura da tukwanen Ladi. Hedimasta ma ba ya bukatar takarda daga Kano kafin ya taka zuwa gidan marini ya yi sallama. Muna fata kafin ƙarshen zangon nan mu ji makarantar da ta fara. Allah ya sa mu dace.