Kafin ka sauya kunnen jitarka

A wannan makon saƙon wani ɗalibi ɗan aji biyar na sakandare daga Kaduna ne ya ja hankalinmu. Yana kaɗa jitar lantarki a ƙungiyar kiɗa ta makarantarsu, jitar kuwa ta hannu ce, yayansa ya bar masa. Kukansa shi ne muryarta a dushe take kamar ta mai mura, da zarar ganga da fiyano sun tashi sai ta nutse, ba a jin ta. Ya shafe wata shida yana adana kuɗin tararsa, wani abokinsa kuma ya ba shi shawarar ya sayo fikof mafi ƙarfi da ke kasuwa ya sa mata. Tambayarsa ita ce: ya saya ko kada ya saya?

Ɗan'uwa, dakata tukuna. In ka bi shawarar abokin nan, muryar ƙara dushewa za ta yi. Mu ma mun taɓa faɗawa wannan rami. Mun je wani shago, mai shagon ya ce ga wanda ya fi kowanne ƙarfi, muka biya muka kawo gida da murna. Ƙara kam ta ƙaru, amma sai jitar ta koma kamar ana kaɗa ta a cikin randa.

Ga waɗanda ba su san fikof ba, ba motar a-kori-kura ake nufi ba. Shi ne ɗan abin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin jita, wanda a nan za mu riƙa kiransa kunnen jita, tunda da shi take ji. In ka buɗe shi ba za ka tarar da komai ba sai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, siririya kamar gashin kai, naɗi dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana rawa a saman maganaɗisun, rawar tana motsa ƙarfin maganaɗisun da ya ratsa naɗin, sai 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar, ita ce ke tafiya zuwa amfilifaya ta fito a lasifika. 'Yan ajin kimiyya sun gane wannan. Shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a shekarar 1831, shi ne kuma darasin da kuke haddacewa saboda WAEC da NECO. Duk wanda aka ce masa jita ɓata lokaci ce, to ga abin da zai nuna wa malamin fiziks.

Ga inda abokin nan ya yi kuskure. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfin wutar da kunnen ke fitarwa, wannan gaskiya ne. Amma duk naɗin da aka ƙara yana daɗa tare siraran sautuka, wato masu kaifin nan da ke sa a ji kowace tsirkiya daban, ya bar masu kauri su wuce. Don haka kunne mai ƙarfi sosai muryarsa cikakkiya ce mai nauyi, irin wadda makaɗan rok ke so don su cika amfilifaya har ta riƙa gurnani. Don irinsu ne Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972. Mai neman murya garau kuwa naɗi kaɗan yake bukata.

Akwai hanyar ganewa da mitar mai gyaran rediyo. Kunnen Stratocaster na asali, jitar da Leo Fender ya fitar a Kalifoniya a 1954, yana da naɗi wajen 8,000, kuma in an gwada shi mita tana nuna om 6,000 ko kusa da haka. Masu ƙarfin nan kuwa suna nuna 13,000 har zuwa 16,000. Wannan awo ba shi ne komai ba, domin kaurin wayar da irin maganaɗisun su ma suna da tasiri, amma idan aka miƙo maka kunne mai 16,000 aka ce shi zai kawo maka kaifi, ajiye shi.

Wanda ke son jin irin muryar da muke magana a kai ya saurari Mdou Moctar na ƙasar Nijar, bahagon makaɗin nan da ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Stratocaster yake kaɗawa. A kundinsa na Afrique Victime na 2021, duk saurin yatsunsa da ƙarar ganga, kana jin kowane bugu yana fitowa sarai.

Sai dai kunne mai naɗi ɗaya yana da nasa ciwon. Yana kama ƙugin wutar lantarki da ke kewaye, wani zuuu da ba ya tsayawa. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan ɗaya, shi ne ƙugin da ake ji. Don maganin wannan ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera kunne mai naɗi biyu a 1955, wanda ake kira hambaka, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna fuskantar juna ta yadda ƙugin da ɗaya ya kama ɗayan zai kashe shi, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ninku. Farashin wannan shiru shi ne raguwar kaifi. To ka tuna a ina kake kaɗa jitarka: ɗakin taron makaranta, janareta na ruri a baya, dogon ƙwan fitila a sama, soket kuma wataƙila babu wayar ƙasa. A irin wannan wuri, wanda ya cire hambaka ya sa mai naɗi ɗaya yana iya samun kaifin da yake nema tare da ƙugin da zai hana shi sakat.

Saboda haka, kafin kuɗin wata shida su fita daga aljihu, a fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai. Yaushe rabon da a sauya tsirkiyoyin? Gumin hannu da ƙurar hunturu suna sa su tsatsa, tsirkiya mai tsatsa kuwa ko wane kunne ka sa mata a dushe za ta fito. Mun sha ganin jitar da sababbin tsirkiyoyi kaɗai suka farfaɗo da ita. Sai wayar da ke zuwa amfilifaya: doguwar waya tana shanye kaifi a hanya, ta mita 10 ta fi ta mita 3 ɓarna. Sai tsayin kunnen, wanda ake ɗagawa ko saukewa da sukurori biyun da ke gefensa. Danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jitar, ka bar tazarar milimita 2 zuwa 2 da rabi tsakaninta da kunnen. In ya matso fiye da haka, maganaɗisun yana iya jan tsirkiyar har muryarta ta riƙa rawa. Kuma ka duba da wane kunnen kake kaɗawa. Na kusa da wuya muryarsa kauri ce, na kusa da gindi, wajen abin da makaɗan garaya ke kira jaki, shi ne mai kaifi.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi kuwa shi ne bolum, wato abin murɗawar nan na ƙara murya. Kwance murfin bayan jitar ka karanta lambar da ke jikinsa. Galibi 250K ake sa wa mai naɗi ɗaya, 500K kuma ga hambaka, domin mai babbar lamba ya fi barin kaifi ya wuce. In ka tarar da hambaka haɗe da 250K, to ka kama ɓarawonka. Sauya shi da 500K ba zai ci ko kusa da kuɗin sabon kunne ba.

Akwai kuma dabara ga mai hambaka. In wayoyi huɗu ne suka fito daga jikinsa ban da ta ƙasa, ana iya sake haɗa naɗin biyu kafaɗa da kafaɗa maimakon ɗaya a bayan ɗaya, irin haɗi biyun nan da aka koya muku da batir da ƙwan fitila. Ƙarar za ta ɗan ragu, kaifi zai fito, ƙugi kuma ba zai dawo ba. A ganinmu wannan ya fi dacewa da ɗakin taron makaranta a kan kashe naɗi ɗaya gaba ɗaya, wanda wasu ke yi.

Idan duk an gwada waɗannan muryar ba ta gamsar ba, to sai a sayi kunne, amma mai naɗi kaɗan: hambaka mai om 7,500 zuwa 8,500, ko mai naɗi ɗaya in wurin da kake kiɗa ba shi da ƙugi. Auna ramin jitarka tukuna, domin girman biyun ba ɗaya ba ne, kada ka kai ga sassaƙa jitar yayanka da kurfi. Tafi kasuwa da mita, saboda jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni suna nan da yawa. Wajen sawa, cire jitar daga amfilifaya, ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa komai, kuma kada ka dogara da launin waya, kowane kamfani da nasa tsarin. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kai wa mai gyaran rediyo ka tsaya kusa ka kalla. In bayan an gama ka haɗa kunnuwa biyu ka ji murya siririya kamar mai magana ta hanci, wayoyin sabon ne aka juya, a musanya su. Ita kuwa amfilifaya kada ka buɗe cikinta ko da a kashe take, tana riƙe wutar da za ta iya kisa.

Tsohon kunnen kuma a naɗe shi a tsumma a ajiye, wata rana yaya zai iya cewa a mayar masa da jitarsa yadda ya bar ta. Ɗan'uwa daga Kaduna, rubuto mana lambar da ka gani a jikin bolum ɗin, da yawan wayoyin da suka fito daga kunnen.