Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Mashayin Taba Da Aikin Tiyata

Babu jarin da ɗan Arewa mazaunin Kurmi ya mallaka wanda ya kai ƙarfin jikinsa. Ɗan dako a kasuwar Mil 12 ta Ikko, da mai gadi a Fatakwal, da mahauci a Sabon Badun, da mai tura baro a Anacha, kowannensu ranar da ya kwanta, ranar nan abincin iyalinsa da ke gida ya tsaya. Saboda haka idan gwaiwa, ko karaya, ko wani ciwon ciki ya kai irin wannan mutum ga aikin tiyata, babban abin da yake bukata shi ne rauni ya warke da sauri ya koma nema. Amma abin takaici, da yawa su ke jinkirta warkewarsu da hannunsu, ta hanyar taba.

Dalilin a fili yake. A cikin taba akwai sinadarin da likitoci ke kira nikotin, wanda ke tsuke ƙananan jijiyoyin jini. Wurin da aka yanka aka ɗinke kuwa ba ya haɗewa sai jini ya kai masa iska da abinci. Ban da wannan, hayaƙin sigari yana ɗauke da wata muguwar iska, irin wadda ke fitowa daga janareto, wadda ke maƙalewa a jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da 'yan kai. Ga hanya ta tsuke, ga kayan da ke bin ta sun ragu. Shi ya sa ɗinkin mashayi ya fi saurin yin ruwa ko buɗewa, ƙashinsa ya fi jinkirin haɗewa, huhunsa kuma ya fi ba da wahala bayan maganin barci. Tarin da ke biyo baya shi ma yana jijjiga ɗinkin ciki.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2002 aka bayyana wani bincike da aka yi a ƙasar Danmak a kan mashaya 120 da ke jiran aikin gwiwa ko ƙugu. Rabinsu an taimake su barin taba mako 6 zuwa 8 kafin aikin, rabi an bar su yadda suke. Cikin waɗanda aka taimaka, kashi 18 cikin 100 ne suka gamu da matsala, amma cikin sauran har kashi 52. A watan Janairu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa wannan magana, ta ce wanda ya bar taba mako 4 ko fiye kafin tiyata ya fi samun sauƙi.

Wani sabon ruɗi da ya shigo tsakanin samari shi ne sigarin lantarki, wanda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003. Sai saurayi ya ce ai shi ba hayaƙi yake sha ba, tururi ne mai ƙanshin lemo. Gaskiya ne ba a ƙona ganye a cikinsa, amma yawancin ruwan da ake zuba masa nikotin ne a ciki, wani lokaci ma mai ƙarfin gaske. A wani gwaji da aka yi da ɓeraye a birnin Boston na Amurka, wanda aka bayyana a 2018, an ga tururin ya hana fata warkewa kamar yadda hayaƙin sigari ya yi. Wanda ya bar kara ya kama wannan na'ura ana gobe tiyata, ya gudu ne bai tsira ba. Haka nan shisha, da tabar gari wadda dattawa ke shaƙa ko su dasa a baki, duk nikotin ne.

Babban kuskure kuma shi ne ɓoye wa likita. Sau da yawa akan tambayi mutum ko yana shan taba, sai kunya ta kama shi, musamman idan wani ɗan garinsu ne ke yi masa tafinta, ya ce a'a. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Likitan da ke ba da maganin barci yana tsara aikinsa ne bisa abin da aka faɗa masa. Idan ya san gaskiya, zai shirya wa huhun, zai kuma iya ba da filasta ko cingam mai nikotin kaɗan bisa awo, domin sauƙaƙa ƙishirwar, wanda ya fi komawa ga hayaƙi nesa ba kusa ba.

Kada kuma wani ya ce lokaci ya ƙure. Aikin gaggawa ba a jinkirta shi saboda taba, amma ko wuni guda aka bari akwai riba, domin muguwar iskar nan tana raguwa a jini cikin kamar awa 12. Bayan aiki ma haƙurin ya ɗore har rauni ya haɗe, don kuwa kara ɗaya a bayan ɗakin jinya yana iya jawo a sake biyan kuɗin gado da na magani.

Wannan jarida tana kira ga Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni su sa wannan batu cikin gargaɗinsu, asibitoci kuma su tanadi tafintoci masu riƙe asiri. Gwamnati ita ma ta tabbatar da aiki da dokar taba ta 2015, wadda ta hana sayar wa yaran da ba su kai shekara 18 ba. Masu zuwa dubiya kuwa su kai lemo da addu'a, su bar kwalin sigari a waje. Wanda ya iya barin taba mako huɗu saboda wuƙar likita ya riga ya nuna zai iya barin ta har abada. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.